Motar ɗan takara ce ta kai ni gangami, wane hoto zan tura wa edita?

Autar Zaure:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kar a yi mini dariya.

Wata 8 ke nan da na fara aiki da wata jaridar intanet. Ni ce wakiliyar siyasa, ni ce kuma mai ɗaukar hoto, don ba su da halin ɗaukar mutum biyu. Ranar Asabar na bi ayarin wani ɗan takara zuwa gangami a wata ƙaramar hukuma. A bas ɗin da suka ware wa 'yan jarida na tafi, su suka zuba mai, su suka ba mu abinci. Da muka isa, filin ko rabi bai cika ba. Na haye bayan wata a-kori-kura na ɗauko shi gaba ɗaya: kujeru a jere babu kowa, matan da aka kwaso tun hantsi sun rakuɓe a gindin darbejiya suna fifita da fastar ɗan takarar. Sai na sauko na kutsa gaban dandamali na ɗauki wani, wanda in ka gani sai ka rantse ba masaka tsinke.

A hanyar dawowa mai magana da yawunsa ya bi mu kujera-kujera da ambulan, wai kuɗin mota, alhali a motarsu muke. Naira 20,000. Na karɓa, ba zan ɓoye muku ba, wata biyu ke nan rabona da albashi. Gobe da safe edita yake jiran hoto. Wanne zan tura?

Abin da ya ƙara rikita ni, a makaranta an koya mana tarihin Mohamed Amin na Kenya a matsayin gwarzon aikin nan, amma kuma an ce wurin Idi Amin yake shiga ya fita yadda ya ga dama. To shi ya aka yi bai lalace ba?

Ɗan Fada:
Wa alaikumus salam Auta. Tura na gaban dandamali ki kwanta ki yi barcinki. Ƙarya kika yi? Mutanen da ke cikin hoton ai ba aljanu ba ne, sun je wurin.

Baba Tsohon Wakili:
Kai Ɗan Fada, ko tabarma ba a shimfiɗa ba har ka fara ba da fatawa. Tun da ka ajiye biro ka koma riƙe wa manya babbar riga bakinka ya canza.

'Yata, sannu da ƙoƙari. Faɗin gaskiyar da kika yi cewa kin karɓa, shi ya sa zan tsaya in yi magana. Amma bari Dokta ya fara warware miki zancen mutumin Kenya, shi ne yake koyar da shi.

Dokta:
To Baba, na karɓa. Auta, abin da ba a cika tsayawa a kai a aji ba shi ne shekarunsa. An haife shi a Nairobi a 1943, mahaifinsa daga yankin Punjab ya zo aikin jirgin ƙasa, ya tashi a Dar es Salaam. Yana ɗan shekara 11 ya sayi kyamararsa ta farko, ta hannu ce ma. Bai jira wata jarida ta ɗauke shi ba. A 1963, bai wuce shekara 20 ba, ya buɗe kamfaninsa na kansa mai suna Camerapix. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ya kuma faɗo a lokacin da ƙasashen yankin suke haihuwa. Tanganyika ta samu 'yanci a ƙarshen 1961, Kenya a ƙarshen 1963, aka yi juyin juya hali a Zanzibar a watan Janairun 1964. Manyan kafafen Turai suna neman wanda ya san gari, ga yaro yana jin Swahili kamar kowa, ya san direbobi, ya san 'yan sanda, ya san wanda zai buɗe masa ƙofar baya. A 1966 hukumomin Zanzibar suka kama shi suka tsare kusan wata guda, ya sha azaba.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne ranar 5 ga Yulin 1969, da aka harbe Tom Mboya, ministan tsare-tsaren tattalin arzikin Kenya, yana fitowa daga kantin magani a tsakiyar Nairobi. Amin ya iso cikin mintoci, ya bi shi har cikin motar asibiti yana ɗauka. Shekararsa 25 a lokacin. Aikin nan ne ya ba shi lambar gwarzon mai ɗaukar hoton talabijin na shekara a Birtaniya.

Autar Zaure:
Shekara 25! Ni ina 24 ina ta fama da a-kori-kura.

Ɗan Fada:
Dokta ka tsallake inda nake jira. Ba da labarin Idi Amin mana. Ana cewa da aka yi juyin mulki a Yuganda a Janairun 1971, Mohamed Amin ya buga waya Kamfala ya ce Amin ne ke magana, mai haɗa waya ya ɗauka ɗan'uwan Janar Idi Amin ne ya haɗa su. Daga nan ƙofa ta buɗe. Shekara 8 mutumin nan yana mulki, ya kori 'yan asalin Asiya a 1972 ya ba su kwana 90, irin su shi Mohamed ɗin ke nan fa, aka kashe babban limamin coci Janani Luwum a 1977, duk da haka Mohamed bai daina zuwa ba. Har bayan an kori Idi Amin, a 1980 Mohamed da wakilin BBC Brian Barron suka same shi a Jidda suka yi hira da shi. To wannan ba zama a fada ba ne? In shi ya yi gwarzo ne, in Auta ta hau bas ta ci amana?

Kuma mu daina yaudarar kanmu. In ba don bas ɗin nan ba, wace jarida ce za ta biya wa yarinya kuɗin mota zuwa ƙaramar hukumar da ke bayan gari? Da ba a ɗauki ko ɗaya daga hotunan biyu ba.

Baba Tsohon Wakili:
Wannan ta ƙarshen ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Shiga gidan mai mulki daban, ci daga hannunsa daban. Mohamed Amin in ya fito daga Kamfala, fim ɗinsa yana jakarsa, masu saye suna Landan suna jira, ba Idi Amin ke biyan kuɗin hayarsa ba. Ita kuwa 'yar nan, wanda ya kai ta shi ya ciyar da ita, shi ya ba ta na kashewa, shi ne kuma labarin. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran.

Bari in ba ku nawa, tunda tsufa ya zo ba abin da zan ɓoye. A zaɓen 1983 ina wakili a wata jiha. Akwai wani jigon jam'iyya da ya taɓa biya mini kuɗin asibiti lokacin da maiɗakina ta sha wahalar haihuwa. Ban roƙe shi ba, ji ya yi ya aiko. Ranar zaɓe da yamma na shiga gidansa neman sakamako, na tarar da samari a zaure na biyu an baje musu takardun ƙuri'a suna ta dangwale. Da idona. Ya fito ya ga na gani. Bai ce mini uffan a kai ba, sai ya ce, "Ya mai jiki? Ya jaririn?" Shi ke nan. Na koma ofis na rubuta cewa zaɓe ya gudana lami lafiya. Ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya ce kar in rubuta. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Jaririn nan yanzu ya haura 40, ni kuma har yau in na tuna zauren nan sai abinci ya fita raina.

Mai Wankin Hoto:
Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba.

Anti Edita:
Amin. Amma ku yi haƙuri iyayena, zan ɗan yi tsauri. Baba yana da fansho komai ƙanƙantarsa, Dokta yana da albashin jami'a, Ɗan Fada kuwa kar ma a yi magana. Yarinyar da ta yi wata biyu ba a biya ta ba, ita ce za mu taru a kanta da wa'azi? Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓar na goro, duk mun haddace. Amma ni da kunnena na ji mai wata jarida yana ce wa sabbin ma'aikata katin shaidar da ya ba su shi ne albashinsu, su je su nema da shi. Wanda ya faɗi haka shi ne ya fara sayar da hoton, tun kafin a ɗauka.

Auta, ga abin da zan ce miki a matsayina na wadda take zaune a kujerar edita. Zaɓen hoto ba aikinki ba ne ke kaɗai, kar ki ɗora wa kanki. Tura duka biyun. A ƙarƙashin kowanne ki rubuta wuri da lokaci da inda kika tsaya kika ɗauka. A cikin labarin ki faɗi abin da kika gani, cewa filin bai cika ba. Sannan ki gaya wa editanki baki da baki cewa an raba ambulan kuma kin karɓa. In ya cire, shi ya cire, kuma kin san irin gidan da kike aiki.

Autar Zaure:
Anti in na gaya masa ai cewa zai yi ina kasonsa.

Anti Edita:
To kin ga kin riga kin san gidan.

Kawu Na Zariya:
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. 'Ya mace, ba aure, a cikin ayarin 'yan siyasa, ga 'yan jagaliya sun sha sun yi tatul, a dawo da ita tsakar dare. Har da hawa bayan a-kori-kura! Ina iyayenta? Ki nemi aikin karanta labarai a gidan rediyo ki zauna a inuwa, 'yata. Wannan aikin maza ne.

Anti Edita:
Kawu, da girmanka. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf kimiyyar siyasa ta karanta a nan Zariyarku, ta yi editar Sunday Triumph a Kano, ta yi editar New Nigerian a Kaduna, ta yi mujallar Citizen, duk a zamanin da soja ke kulle 'yan jarida. A Mina ta rasu a 2015 tana aikin Hajji. Wa ya taɓa cewa ta zubar da mutunci? Maganar 'yan jagaliya gaskiya ce, amma maganinta a koya wa yarinya yadda za ta kare kanta, ba a ce ta koma gida ba.

Kawu Na Zariya:
Allah ya jiƙan Hajiya. Amma ita a ofis take, ba a bayan mota ba.

Anti Edita:
Kafin a kai ofis ɗin ta ina ake bi?

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan hoto. Maganar aure a kai ta wancan zauren.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, yanzu na samu rezo, wato netwok. Na karanta duka. Ni inda nake so in taɓa shi ne aikin da aka fi sanin Mohamed Amin da shi, wato hotunan yunwar Korem, a arewacin Habasha. Gwamnatin Mengistu ta shagala da bikin cika shekara 10 da juyin juya hali a watan Satumban 1984, ta toshe hanyar zuwa inda mutane ke mutuwa. Shi ne ya yi ta naci har aka ba su izini, suka shiga da wakilin BBC Michael Buerk, BBC ta nuna ranar 23 ga Oktoba. Tashoshi sama da 400 suka ɗauka. Daga nan mawaƙa suka tashi tara kuɗi, har aka yi babban wasan nan na Yulin 1985 a Landan da Philadelphia. Gani ya kori ji, ba gardama, rayuka sun tsira.

Amma ku lura da abu biyu. Na farko, je ka tambayi Bature wa ya kawo labarin, zai ce Buerk. Wanda ya san hanya, ya nemo izini, ya saɓa kyamara, sunansa yana baya. Na biyu, wanda ya kalli hotunan zai ɗauka fari ne kawai. Alhali ana yaƙi a Tigray da Eritiriya, gwamnati tana amfani da abinci kamar makami, tana kwashe mutane da ƙarfi tana kai su kudu. Hoto ya nuna yaron da ya rame, bai nuna wanda ya tare hanyar hatsi ba.

Mu nan mun san wannan. Yunwar shekarar nan ta 1984 a wajenmu El-Buhari ake ce mata, saboda rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi ta wajenku ana tsakiyar fari. Tsofaffinmu da ba su taɓa riƙe jarida ba sun sa wa yunwa sunan siyasa, sun fi kyamara gane abin. A 2005 kuma 'yan jaridar duniya suka cika Maraɗi suna ɗaukar yara a wurin likitocin agaji, Shugaba Tandja ya fito ya ce babu yunwa a Nijar. Masu hoto sun tafi da hotonsu, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ga hatsi a kasuwa amma talaka ba ya iya saye.

Saboda haka ƙanwata, kar ki raina haɗa aiki biyun nan da talauci ya sa aka ɗora miki. Ke ce mai hoto, ke ce mai biro. Matan nan na gindin darbejiya, kin tambaye su daga ina aka kwaso su, nawa aka yi musu alkawari?

Autar Zaure:
Wallahi Yaya ban tambaya ba. Hoto kawai na ɗauka na wuce, ina sauri kar ɗan takara ya hau dandamali ba na nan.

Ɗan Maraɗi:
To can kika baro labarin. Jawabin ɗan takara kowa ya samu.

Baba Tsohon Wakili:
Ɗan Maraɗi ka taɓo mu da El-Buhari, mun ji, ba mu da ta cewa. Shekarar ce ma aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda ƙarƙashin Doka ta 4 ta gwamnatin soja, a kan labarin naɗin jakadu. Ba a ma ce ƙarya suka yi ba. Muna ofis muka ji, kowa ya duba abin da ke cikin keken rubutunsa.

Mai Wankin Hoto:
Ni ba ɗan boko ba ne kamar ku, a ɗakin duhu na koyi aiki, hannuna har yau yana warin maganin wanki. Amma akwai abin da Dokta ya ce a riƙe, na ga an wuce shi. Kamfanin kansa. Ma'ana fim ɗin nasa ne.

A zamaninmu fim ɗaya hoto 36 ne, ba ka danna sai ka tabbata. Na yi wa wata jarida aiki tun daga kamfen ɗin 1979. Na ɗauki Malam Aminu a kan mota, na ɗauki Shagari, na ɗauki Rimi, ina Kaduna lokacin da majalisa ta tsige Balarabe Musa a 1981. Ranar jana'izar Malam a watan Afrilun 1983 fim 9 na ƙarar, ina kuka ina ɗauka. Duk na miƙa wa ofis, don haka doka take, nasu ne. Bayan shekaru na koma neman ko guda ɗaya in nuna wa jikokina. Aka kai ni wani sito, rufi ya yi yoyo, gara ta ci kwalayen, fina-finan sun manne da juna kamar ƙosai. Ko ɗaya ban fitar ba.

Shi kuwa wancan bawan Allah ya rasu ya bar hotuna sama da miliyan 2, ɗansa Salim yana riƙe da su a Nairobi har yau. Auta, ko edita ya sa ko bai sa ba, kar ki goge na filin nan. Ki ajiye shi wuri biyu, ki rubuta rana da sunan gari. Yau hoton kujeru ne. Nan da shekara 20 in ana musun yadda aka yi zaɓen nan, shi za a nema.

Dokta:
Malam ka faɗi abin da na yi niyyar faɗa, ka ma fi ni. In ƙara kaɗan don kar mu mayar da mutumin waliyyi. Ɗan kasuwa ne na gaske. A lokacin kamfaninsa ne yake buga mujallar da ake ajiyewa a jiragen saman Habasha, ya yi manyan littattafan hotuna na ƙasashe waɗanda gwamnatocinsu suka ji daɗinsu, ya yi na aikin Hajji a shekarun 1970 lokacin da ba kowa ake bari ya ɗauki hoto a can ba. Yana hulɗa da masu mulki, yana cin abinci da su, Ɗan Fada bai yi ƙarya ba. Abin da ya raba shi da wakilin da ke jiran ambulan shi ne masu sayensa suna da yawa. In ɗaya ya yi fushi, tukunyarsa ba ta sauka daga murhu.

Ɗan Fada:
To madalla, an dawo hanyata. Ashe dai maganar kuɗi ce, ba ta tsarki ba.

Dokta:
Maganar wa yake riƙe da kai ce. Kai mutum nawa ne za su iya korarka gobe da safe?

Ɗan Fada:
Dokta wannan kuma cin fuska ne. Ɗaya ne, kuma Allah ya ja zamaninsa.

Kawu Na Zariya:
Kuna ta yabon mutumin, ku faɗa mata yadda ya ƙare mana.

Baba Tsohon Wakili:
Kawu yana da hakki a nan, kar a ɓoye mata. A watan Yunin 1991, kwanaki kaɗan bayan Mengistu ya gudu 'yan tawaye sun shiga Adis Ababa, wani rumbun makamai ya kama da wuta. Suka je ɗauka, ya fashe da su. Amin ya rasa hannunsa na hagu. Mai ɗaukar masa sauti, John Mathai, nan take ya mutu, kuma shi ba a cika ambatonsa ba, shi ya sa na ambace shi. Aka yi wa Amin hannun roba a Amurka ya koma aiki. Sai ranar 23 ga Nuwamban 1996, yana dawowa Nairobi daga Adis Ababa, wasu mutum 3 suka yi fashin jirgin suka ce sai Ostireliya. Mai ya ƙare, ya faɗa teku a gaɓar tsibirin Kwamoros. Cikin mutum 175, 125 suka rasu, har da shi, yana da shekara 53. Jirgin nan Legas ma yana cikin zangonsa, akwai 'yan Najeriya a ciki.

Ba sai mun je Habasha ba ma. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels, shi ma wakili ne kuma mai kyamara kamar ke, a Kano aka harbe shi ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki. Bagauda Kaltho na mujallar TheNews ya ɓace daga Kaduna a zamanin Abacha, iyalinsa ba su ga gawarsa ba. Ba don in tsorata ki ba, 'yata. Amma duk filin da kika shiga, fara duba ta inda za ki fita kafin ki duba inda haske yake. In kika ga yara sun fara zaro abu daga riga, ko an harba barkonon tsohuwa, sa kyamara a jaka. Kuma kar ki sake hawa abin da ba za ki iya dirowa daga kansa da gudu ba.

Anti Edita:
Ki kuma riƙa cire katin ajiyar hoton ki sa a wani wuri da zarar kin ɗauki abin da kika san ba za a so ba. Ki bar wani a ciki mai hotunan dandamali. In an ce kawo mu gani, ga shi.

Ɗan Fada:
Anti kina koya mata dabara a gabana?

Anti Edita:
Ai kai ka koya mini, lokacin kana mutum.

Shugaban Zaure:
Dare ya yi. Auta, Allah ya ba ki sa'a, ki dawo mana da labari.

Autar Zaure:
Ina kwananku iyayena. Ga yadda aka yi. Na tura duka biyun kamar yadda Anti ta ce, da bayanin kowanne. Na gaya masa maganar ambulan, ya yi dariya ya ce sai yau na zama 'yar jarida, bai dai nemi kaso ba. Ya sa na gaban dandamali a sama. Na filin bai sa ba, ya ce mutanen suna da talla a wurinmu har ƙarshen wata. Amma layin da na rubuta cewa kujeru da dama babu kowa ya bar shi, a sakin layi na 6. Ban sani ba ko bai kai nan da karatu ba ne.

Su dai sun kai. Da azahar mai magana da yawun ya kira ni, da fara'arsa, ya ce bas ɗin ranar Alhamis ya cika, sai wani jiƙon.

Mai Wankin Hoto:
Na filin fa?

Autar Zaure:
Yana nan Baba, wuri biyu. Na sa rana da sunan gari.

Mai Wankin Hoto:
Kawo shi shago in wanke miki babba, kyauta. Ina so in ga matan nan da fastar.

Ɗan Maraɗi:
Alhamis ɗin za ki je?

Autar Zaure:
Ina so, don an ce daga ƙauyukan nan dai za a sake kwaso mata, ina so in same su tun kafin ayari ya iso. Na tambaya a tasha, zuwa da dawowa da ɗan acaɓa zai ci kusan 9,000. Abin dariyar, kuɗin da ke hannuna na ambulan ɗin nan ne, saura 14,500, na sayi data na biya bashin mai shago.

Baba Tsohon Wakili:
Kar ki taɓa sauran. Turo mini lambar asusunki ta gefe, fansho ya shigo jiya.

Ɗan Fada:
Ni ma hanyar zan bi ranar, akwai wuri a motata, da sanyi da komai.

Anti Edita:
Auta, motar farko a tashar tana tashi da an idar da sallar asuba. Ki je da ruwanki da batir biyu.